Kunnen Baba Duf

Duf ba sunansa na gaskiya ba ne. Direbobin kamfanin fentin da ya yi wa aiki ne suka laƙaba masa, saboda yadda yake gwada mota. Kowa in an kawo sabuwa sai ya buɗe gaba ya leƙa inji, ko ya zagaya da ita ya ji birki. Shi ko kallon inji ba ya yi. Sai ya ce a yi masa shiru, ya buɗe ƙofar direba, ya karkato kunnen dama, ya tura ta da yatsu biyu. In ta ce duf, ya gyaɗa kai ya ce wannan mota ce. In ta ce kwaram, ya goge hannu a jikin riga ya yi gaba abinsa, ko tsaki ba ya ɓatawa a kanta.

A iya saninsa kuwa mota ɗaya ce a duniya ke cewa duf, wadda ake kira Mai Zakara saboda ɗan zakaran ƙarfe da ke tsaye a goshinta. Ita ya tuƙa shekara talatin da ɗaya. Manaja huɗu suka zo suka tafi a bayansa, kowanne a kusurwar maigida ta gidan baya, yana karanta jarida ko yana minshari. A faɗi gaskiya, direba ne na ƙwarai. Ko kaza bai taɓa takewa ba, kuma yakan shiga lungun da mai keke ke sauka ya tura, ya fito babu ƙwarzane. Sai dai motar ba tasa ba ce, abin da Baba Duf ke yawan mantawa ke nan. A taɓa Mai Zakara da baki, sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi kamar an zagi mahaifiyarsa. Masu ƙera motar ba su san da zamansa a duniya ba, ko kalanda ba su taɓa aiko masa ba, amma ya naɗa kansa wakilinsu na unguwa, ba albashi ba alawus.

Burinsa ɗaya ne tun gashinsa na baƙi. Ranar da ya ajiye aiki ya sayi tasa sabuwa dal, ya yage ledar kujera da hannunsa, ya tuƙa kansa, babu wani a baya yana ce masa yi dama yi hagu. Ta hannu kam ba ya so a yi masa zancenta. Cewa yake wani ya riga ya cinye ƙarar ƙofarta.

Saura shekara goma ya yi ritaya ya gina wa motar da zai saya ɗaki. Ya zo da motar ofis gida ranar hutu, ya auna tsawonta da faɗinta da igiya, ya ƙara taku biyu kowane gefe saboda buɗe ƙofa, ya yanki rabin tsakar gida. Matarsa ta rasa wurin shanya ta koma yi a kan katanga. Ya sa daɓen siminti mai santsi, ya sa ƙyauren ƙarfe, har ƙusa ya kafa a bango inda makulli zai rataya. Ɗakin da suke kwana yana yoyo ta kusurwa biyu, gareji kuwa ko ɗigo ba ya yi.

Da aka sallame shi aka ba shi haƙƙinsa da agogon bango, washegari ya sa farar rigarsa ya nufi gidan sayar da Mai Zakara. Wuri ne na gilashi daga ƙasa har sama, sanyi kamar cikin firji, daɓensa na ƙyalli har mutum ya ji kunyar takalminsa. Nan ya haɗu da Mai Kwat, babban mai sayarwa, dogo mai sanƙo da turare, wanda bakinsa ya fi daɓen santsi. Ya tarbe shi da ranka ya daɗe, ya ja masa kujera, ya sa aka kawo shayi a kofi mai hoton zakara. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana jira a mota ana shan shayi a ciki, yau ga shi da kofi a hannu. Tun kafin a yi zancen kuɗi an riga an gama da shi.

Farashin da ya riƙe a kansa na shekara biyu baya ne. Na ranar ya ɗara abin da ke hannunsa da kaɗan, irin kaɗan ɗin da mutum zai cike in ya tsuke bakin aljihu shekara guda. Baba Duf ya rufe ƙofar wata fara da yatsu biyu, ta ce duf, ya ce wa Mai Kwat baɗi war haka ya ajiye masa irinta.

Baɗi ta yi, ya cike kaɗan ɗin, ya tarar farashi ya yi gaba ya bar shi. Mai Kwat ya ce ai an ƙara mata allo mai nuna hanya. Ka ji fa, mutumin da ya san kowane rami a garin da sunansa, shi za a sayar wa allo mai nuna hanya. Shekarar da ta biyo aka ƙara kujera mai tausa. Bayanta fitila mai kunna kanta, sai ka ce yatsun masu mota sun karye. Kowace shekara da abin da aka liƙa, kowace shekara da tashin gwauron zabin da farashi ke yi, shi kuma Baba Duf ya dawo gida yana ba da labari baki har kunne, kamar shi aka ƙara wa girma.

Ko motar ta yi tsada fiye da kima? Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ma ya san amsa. Ƙarfe bai canza ba, taya huɗu ce ba a ƙara ta biyar ba. Zakaran nan ne kawai ke tsada, kuma masu shi sun gano akwai irin su Baba Duf da za su kare musu farashi kyauta a kowace majalisa.

Cikin haka wasu suka buɗe nasu wurin a tsallaken titi, daidai ƙofar gidan gilashin, da rumfar kwano da tutoci masu launi. Motocinsu sababbi ne su ma, daga wata ƙasa mai nisa, sunansu ma ba ya zama a baki. Kuɗin Mai Zakara ɗaya ya sayi biyu har a yi ragowar na mai. Baba Duf ya hange su daga nesa ya sa musu suna gwangwani, ya gama hukunci. Shi da ke cewa a bar wa kunne shari'a, bai taɓa ƙofar ko ɗaya ba. Cewa ya yi hannunsa ya fi ƙarfin haka.

Ƙanin matarsa, wani tela mai bakin tsiya, shi ya fara sayen gwangwani a dangi. Ya kawo ta har ƙofar gida yana danna ham.

“Yaya, fito ka sa mata albarka mana. Ka rufe ƙofar nan sau ɗaya tak. In ta ce kwaram, na yarda ka kira ni duk sunan da ka ga dama.”

Baba Duf ya leƙo ta kan ƙyaure ya sha mur. “Ba sai na rufe ba. Daga nan ina jin warin gwangwani. Matsar mini da ita daga ƙofar gida, kar mutane su ɗauka tawa ce.”

“Wa zai ɗauka taka ce, Yaya? Ai kowa ya san taka na cikin gareji, ba a dai ganinta ne.”

Baba Duf ya buga ƙyaure ya shige ciki. Daga ranar Tela a bakin layi yake ajiye motarsa ya ƙaraso da ƙafa. Da ita ya riƙa kai ɗinki makarantu, da ita ya kai yayarsa ganin jikokinta sau biyu, a cikinta kuma ya koya wa Auta tuƙi a ɓoye. Auta ita ce ƙaramar ’yar Baba Duf, ma’aikaciyar jinya ce, ita kaɗai ta rage a gidan.

Ita ta fara lura. A shekara ta uku da ritaya ubanta ya soma buge kafaɗa da dokin ƙofa, yana ture kofi in an ajiye masa a gefe. Ta ja shi wurin likitar ido yana ta mita. Likitar ta gama aune-aunenta ta ce hawan jinin ido ne, gani na tsukewa daga gefe zuwa tsakiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu.

Tambaya ɗaya ya yi. “Tuƙi fa, likita?”

“Yanzu kana iyawa, Baba. Shekara biyu, uku in an yi sa’a. In kana da inda kake son zuwa da kanka, ka je tun yanzu.”

Ya tsorata ranar, tsoro na gaske, har abinci ya kasa ci. Matarsa, wadda ta shekara goma sha uku tana shanya a kan katanga ba ta ce uffan ba, ta zauna gabansa.

“Malam, abin da ke hannunka ya sayi ta tsallaken titi yau ɗin nan, har da canji. Ka saya ka hau abarka tun kana gani.”

“In mutu ban tuƙa ba ya fi mini in tuƙa gwangwani.”

“Ai ba mutuwa likita ta ce ba. Zama ta ce, da ranka da lafiyarka, kana ji ana wucewa.”

Maganar ta shige shi. Amma maimakon ya tsallaka titi, sai ya tafi neman shawara wurin mutum ɗaya a garin da bai kamata ya tambaya ba. Mai Kwat ya saurare shi da fuskar tausayi, ya dafa masa hannu.

“Baba, araha ce ke kashe mutane a titi. Waɗancan akwatin gawa ne aka sa wa taya. Mutum irinka, da sunanka a tuƙi, a gan ka a ciki? Ka ɗan ƙara haƙuri. In sabon samfuri ya iso, wannan za ta sauko.”

Ya ba shi maƙalin makulli mai zakara, kyauta. Baba Duf ya dawo yana hura hanci, ya rataye shi a ƙusar gareji, babu makulli a jiki. Sabon samfuri ya iso, tsohon bai sauko ba, sai ma ya bi sabon sama. Haka shekara huɗu suka ƙara wucewa. Yana ɗiga magani safe da yamma, yana share gareji, yana hawa bas zuwa gidan gilashi ya sha shayi. In Auta ta tambaye shi ido, ya ce garau. Ƙarya yake, kuma ya san ƙarya yake, don ya koyi juya kai gaba ɗaya kafin ya tsallaka titi.

Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba. Kusan shekara biyu ke nan in ya rufe ƙofar Mai Zakara a gidan gilashi, ƙarar ba ta cika masa kunne kamar da. Akwai wani ɗan holoƙo a ciki. Sai ya ɗora wa tsufa laifi, ya ce kunnen ne ya fara bin ido.

A shekara ta bakwai, wata ranar Talata da rana tsaka, ya je kamar yadda ya saba. Farashin ranar ko gidan ya sayar har da garejin sai an yi masa ciko. Ya sha shayi kofi biyu, ya nemi banɗaki, aka ce na baƙi ana gyara, ya bi ta baya ya shiga na ma’aikata. Da ya fito sai ya kuskure ƙofa, ya samu kansa a wani fili bayan ginin inda bai taɓa zuwa ba. Hasken rana ya kashe masa ido. Ya tsaya cik yana jira ya washe.

Sai ya ji an rufe ƙofar mota. Duf.

Wannan ce ƙarar, cikakkiya, mai nauyi, irin ta motar manajansa na farko. Ashe kunnensa lafiya lau. Ya ce a ransa wato nan suke ɓoye na ƙwarai, suna jera wa mutane na banza a gaba. Ya bi ƙarar yana murmushi, ya dafa motar, ya shafa gefenta har goshi yana laluben zakara. Hannunsa ya sauka a kan wani tambari shafaffe. Ya matso da ido sosai. Gwangwani ce, shuɗiya. Ya juya kai a hankali, ga wasu biyar a jere a inuwar katanga, duk irinta. Kusa da shi kuma Mai Kwat ne tsaye, ya zo ɗaukar kwanon abincinsa, ya yi tsuru-tsuru.

“Ta wa ce wannan?”

“Ta… ta mai ɗakina ce, Baba.”

“Waɗancan fa? Matanku ne duka suka zo aiki yau?”

Mai Kwat ya shafa sanƙo, ya ga babu mafita, ya yi ’yar dariya. “Baba, abinci zan ci ko zakara? Shekara biyar ina hawanta, ban da mai da taya ba ta taɓa tambayata komai ba. Mu sayarwa aka ɗauke mu yi, ba a ce mu saya ba.”

“Akwatin gawa ka ce mini.”

“Aiki ne, Baba.”

“Na faɗa maka zancen idona. A wannan kujerar taka na faɗa maka.”

Mai Kwat ya duba agogo. Bai ma tuna ba, kuma hakan ya fi wa Baba Duf ciwo a kan ƙaryar. Bai zage shi ba. Ya ce ya buɗe masa motar. Ya karkato kunnen dama, ya tura ƙofar da yatsu biyu. Ya sake buɗewa ya sake turawa, har sau uku, ko za ta yi kuskure ta ce kwaram ta fid da shi kunya. Ba ta yi ba.

Washegari su huɗu suka je rumfar kwano: shi, matarsa, Auta, da Tela wanda aka roƙa ya kama bakinsa, ya kama da ƙyar. Ba shayi, ba ranka ya daɗe. Wata mata mai fama da mura ta cike takardu ta miƙo makulli, kafin azahar an gama. Abin da ya rage a hannunsa ya isa gyaran rufin ɗaki.

Fara ya zaɓa. Ya yage ledar kujera da hannunsa. Ya zauna, ya ja kujera baya kaɗan, ya gyara madubin sama, ya tayar da inji. Ya kama sitiyari ya ji shekarunsa sun dawo cikin tafinsa. Gabansa ga ƙofar fita, ga titi, yana ganinsu sarai, amma kamar ta cikin bututu. Ya sa giya.

“Baba, a hankali, akwai mai babur.”

Muryar a kunnensa take. Ya juya kai gaba ɗaya. Auta ce tsaye a jikin tagarsa, hannunta a kan madubin gefe.

“Tun yaushe kike nan?”

“Tun da ka shiga, Baba.”

Bai gan ta ba. ’Yarsa ta cikinsa, da jan mayafi, taku ɗaya daga kafaɗarsa, bai gan ta ba, balle mai babur. Baba Duf mai taurin kai ne, ya yi wauta ta shekara bakwai da rana tsaka, amma direba ne. Bai taɓa take kaza ba, ba kuwa zai fara da ɗan mutum ba. Ya daɗe riƙe da sitiyarin. Sannan ya mayar da giya, ya kashe inji, ya zare makulli.

“Kin iya, ko? Na san kawunki ya koya miki. Ba makaho ba ne ni a lokacin.”

Ta karɓa tana share ido. Ya fito, ya buɗe wa matarsa ƙofar baya kamar yadda ya saba buɗe wa manya, ya zagaya ya shiga ta ɗaya gefen. Tela ya leƙo ta taga, yana so ya sassauta abin da wasa.

“To, Yaya, yau ga ka a kusurwar manaja.”

“Ba nan na nema ba,” in ji Baba Duf.

Har suka isa gida bai ce wa Auta yi dama ko yi hagu ba, ya san zafin abin. Motar ta shige gareji daidai, taku biyu kowane gefe, sai ka ce ita aka auna da igiya.

Gidan gilashi na nan, an ce bana an ƙara wa Mai Zakara turare mai fesa kansa, farashi ya sake tashi, Mai Kwat kuma ya samu wani tsohon malamin makaranta yana ba shi shayi. Matar Baba Duf ta samu rufi sabo, har yanzu a kan katanga take shanya. Makullin na rataye a ƙusa, a jikin maƙalin nan mai zakara, don ya hana a cire, ya ce a bar masa shi ya riƙa tunawa.

Kullum da safe shi ke wanke motar, yana bin jikinta da tafin hannu inda ido bai kai ba. Ƙarfe bakwai Auta ta fito da farin kayanta ta ɗauki makulli. Ya tsaya a gefe ya karkato kunnen dama har ta rufe ƙofa. Sannan ya lallaba ya buɗe mata ƙyaure, ya jira ta fita, ya mayar ya rufe.